Gwaɓi, taurari da manyan baƙaƙe: a hana ƙawata rubutu ko a koya wa mutane?

@Mai_Lura:
Assalamu alaikum jama'a. Ƙorafi ne da ni, kuma ina so mu tattauna shi kafin admin su yanke hukunci. Kwanan nan duk saƙon da ka buɗe sai ka tarar an yi masa gwaɓi tun daga sallama har "na gode". Wani ya haɗa da manyan baƙaƙe, wani ya jera taurari sama da ƙasa, wani kuma ya yayyanka magana guda zuwa layi goma, kowane layi da ɗigo a gabansa. Ni a sanina, gwaɓi an yi shi ne don ido ya faɗa kan abu ɗaya: ranar taro, ko lokaci, ko gargaɗi. In komai ya yi gwaɓi, ina ido zai sauka? Shawarata a hana ƙawata rubutu gaba ɗaya, kowa ya rubuta saƙonsa haka nan zalla. Me kuka gani?

@Na_Gefe:
Wa alaikumus salam. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Mu dai 'yan kallo ne.

@Baban_Yara:
MALAMA NI IDONA NE BA YA GANI SOSAI SHI YA SA NAKE RUBUTU HAKA. BA FAƊA NAKE YI DA KOWA BA.

@Gwanin_Waya:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Akwai hanya mafi sauƙi. A shiga saitin waya, wajen da ake gyara fuskar allo, a ƙara girman rubutu. Daga nan komai zai fito muku manya-manya, har saƙonnin da wasu suka turo, ba naku kaɗai ba. Manyan baƙaƙen nan naku kawai suke gyarawa, na sauran mutane suna nan ƙanana yadda suke. In akwai yaro kusa a ba shi, ba ya cin lokaci.

@Baban_Yara:
TO MADALLA ZAN BA YARO YA DUBA.

@Tsohon_Malami:
Maganar manyan baƙaƙe tsohuwa ce, ta girmi WhatsApp da Facebook duka. A watan Oktoba na 1995 an fitar da wata takarda ta ladubban amfani da intanet, ana kiran ta RFC 1855, wata ma'aikaciyar kamfanin Intel mai suna Sally Hambridge ce ta rubuta. A ciki aka ce a riƙa gauraya manya da ƙananan baƙaƙe, domin rubutu da manya zalla kamar ihu ne. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, takardar nan ita ce kuma ta ba da shawarar a sa tauraro a gefe biyu na kalma in ana son jaddada ta. A lokacin tauraron ba ya juyewa ya zama komai, haka mai karatu zai gan shi, ya gane cewa a nan marubuci ya danna murya. Kuma a misalin da ta kawo, kalma ɗaya tak aka sa wa tauraro a cikin jimlar. Saboda haka Malama Mai_Lura tana da gaskiya a kan asalin abin. Inda na rabu da ita shi ne batun hanawa.

@Uwar_Biyu:
Ni kam ban yarda a hana ba sam. Ni ce mai tura sanarwa a zauren iyayen yara na makarantarmu. In na rubuta sakin layi uku ban yi wa ranar da lokacin gwaɓi ba, wallahi sai mutum goma sun biyo ni ta gefe suna tambayar yaushe ne, alhali yana nan a rubuce. Mutane ba karanta saƙo suke yi ba, leƙa shi suke yi. Abu biyu nake yi wa gwaɓi, rana da wuri, shi ke nan, kuma tambayoyin sun ragu sosai. Don wasu sun wuce gona da iri sai a ƙwace mana abin da ke mana aiki?

@Mai_Lura:
Yaya Uwar_Biyu, ai irin naki ba shi nake kuka da shi ba. Matsalar ita ce in an ce "a yi daidai gwargwado", kowa gani yake nasa ne daidai. Dokar da ta ce kada a yi ko kaɗan ta fi sauƙin bi.

@Gwanin_Waya:
Ta fi sauƙin faɗa dai. A WhatsApp babu wani maɓalli da admin zai latsa ya kashe gwaɓi. Iyakarsa ya bi saƙonni ɗaya bayan ɗaya yana gogewa. Wa zai zauna yana wannan aikin?

@Ɗan_Kwamfuta:
Bari in shigo ta wani ɓangare. Da yawa daga cikin taurarin da kuke gani a warwatse ba ganganci ba ne, kwafe ne daga wata manhaja zuwa wata. Kowace da ƙa'idarta:

A WhatsApp tauraro ɗaya kowane gefe shi ne gwaɓi, layin ƙasa (_) ɗaya shi ne rubutun tsutsa, wato mai karkace, alamar ~ kuma ta soke kalma. Haka yake a Slack.
A Telegram da Discord sai ka sa taurari biyu kafin ka sami gwaɓi.
A Discord da Reddit tauraro ɗaya rubutun tsutsa yake bayarwa, ba gwaɓi ba.
Layin ƙasa biyu a Telegram tsutsa ne, a Discord kuma ja wa kalma layi ne a ƙarƙashi.

To ka ga mutum ya tsara sanarwarsa a can, ya kwafo ya liƙa a nan, sai ta fito da ragowar taurari a jikinta. Musamman yanzu da mutane ke kwafo amsoshi daga ChatGPT da ire-irensa, waɗanda da Markdown suke rubutu, wato tsarin ƙawata rubutu da alamomi irin su tauraro da #. Shi ya sa za ka ga saƙo ya fara da ### sannan kowane kanun magana da taurari bibbiyu. Mai turawa bai ko duba ba.

@Na_Gefe:
Ashe shi ya sa wasu suka zama masana dare ɗaya, da ### ɗinsu da komai.

@Ɗalibar_Lissafi:
Tambaya don Allah. Me ya sa wani lokaci ina sa tauraro a WhatsApp amma ya ƙi yin gwaɓi?

@Gwanin_Waya:
Duba ko kin bar fili tsakanin tauraron da kalmar. Sai ya manne da harafin farko da na ƙarshe. Kuma in kin buɗe a layi ɗaya kika rufe a wani layin, ba zai kama ba. Mafi sauƙi ma ki danne kalmar ki riƙe, zaɓi zai fito, ki zaɓi abin da kike so, ita manhajar ta sa alamomin da kanta.

@Ɗalibar_Lissafi:
Na gode. Ni tawa matsalar ma a Discord ta fi yawa. In na rubuta 2*3*4 sai taurarin su ɓace, ya koma 234, ukun ta ɗan karkace. Wanda bai lura ba sai ya ɗauka amsar ke nan.

@Ɗan_Kwamfuta:
Wannan sananne ne. Ko ki bar fili a gefen kowane tauraro, ko ki sa alamar \ kafinsa, wadda ke gaya wa manhaja cewa wannan tauraro ne kawai, kada ta taɓa shi. Ko kuma ki sa lissafin duka tsakanin alamar ` guda biyu, duk abin da ke ciki zai fito yadda kika rubuta shi. Irin wannan tarkon yana da yawa a Markdown. Ka fara layi da # kana nufin hashtag, a wasu wuraren sai ya zama ƙaton kanun labari. Ka fara layi da shekara da ɗigo, kamar "2015." sai ya ɗauka jerin lambobi ka fara, ya tura layin ciki.

@Tsohon_Malami:
Tun da an ambaci Markdown, a sani cewa wanda ya ƙirƙire shi, John Gruber, a 2004 tare da gudummawar Aaron Swartz, manufarsa ita ce rubutu ya karantu lafiya ko da alamomin ba su juye ba. Daga yadda mutane ke rubuta imel ya ɗauko tsarin. Kafin nan BBCode ake yayi, tun 1998, inda za ka rubuta [b] a farko da [/b] a ƙarshe, har da canza launi da girman baƙi. Waɗanda suka yi zamanin sun san abin da aka gani: mutum ya rubuta amsa ta kalma uku, a ƙarƙashinta sa-hannunsa layi takwas, ja da kore da shuɗi. Ku lura ainihin Markdown bai zo da alamar launi ko ta girman baƙi ba. Ni ina ganin rahama ce.

Lokacin da nake koyarwa, akwai ɗalibin da in ka ce ya ja layi a ƙarƙashin muhimman wurare sai ya ja wa shafin duka. Ranar bita shi da wanda bai ja komai ba ɗaya suke. Ba a ƙwace masa biro, zaunar da shi ake yi a tambaye shi: a shafin nan, in abu ɗaya za ka tuna, wanne ne?

@Ji_Da_Kunne:
Salamu alaikum. Ni makaho ne, da TalkBack nake karanta duk abin da kuke rubutawa, wato wayar ce ke karanta mini da murya. Bari in gaya muku abin da ke damuna da wanda ba ya damuna, domin ba ɗaya ba ne da naku.

Gwaɓin gaske, wanda aka yi da tauraro manhaja ta juya shi, ba ruwana da shi. Wayar karanta kalmar take yi kamar kowace kalma, ko kun yi wa saƙon duka gwaɓi ban ma sani ba. Abin da ke wahalar da ni uku ne. Na farko layin ado, mutum ya jera alamomi ashirin ko fure-fure don ya raba sakin layi. Ku da ido kuke tsallakewa, ni kuwa sai na saurari sunan abin. Na biyu tafi ko wuta tsakanin kowace kalma. Na uku, wanda ya fi duka muni, shi ne rubutun nan na ƙawa da ake kwafowa daga wasu shafuka, mai lanƙwasa ko mai kama da na zanen allo. Wani lokaci muryar ta bi shi harafi-harafi tana kiran dogayen sunaye, wani lokaci ta yi shiru ta wuce kamar babu komai a wurin. Akwai mutane a nan da ban san sunansu ba har yau, saboda da irin wannan rubutun suka sa sunan.

Don haka in za a hana wani abu, Malama Mai_Lura, ni wannan nake roƙo a fara hanawa.

@Uwar_Biyu:
Subhanallah. Wallahi ban taɓa kawo wannan a raina ba. Allah ya saka da alheri Malam.

@Mai_Karambani:
Tsakani da Allah ina tausaya wa Malam Ji_Da_Kunne, amma mu masu talla a Facebook da Instagram fa? Can babu tauraron da zai ba ka gwaɓi a rubutun yau da kullum. In ba ka yi amfani da waɗancan baƙaƙen ba tallarka nutsewa take yi cikin dubu. Ai font ne kawai, laifin manhajar karatun ne da ba ta iya shi ba.

@Ɗan_Kwamfuta:
Ɗan'uwa ba font ba ne, a nan mutane ke ruɗewa. Font tufafi ne da ake sa wa harafi, harafin yana nan yadda yake. Waɗancan kuwa wasu alamomi ne dabam da aka ƙara a tsarin Unicode, wato kundin haruffa da alamomin da na'urori ke amfani da shi, a 2001 don masu rubuta lissafi da kimiyya, saboda a lissafi A mai gwaɓi da A ta tsutsa suna iya nufin abubuwa biyu mabambanta. Shafukan da ke "canza maka font" musanya kowane harafinka suke yi da alamar lissafi mai kama da shi. Ido yana ganin kalma, na'ura tana ganin jerin alamomi. Shi ya sa a manhajoji da yawa in an nemi kalmar a akwatin bincike ba za ta fito ba, tsofaffin wayoyi kuma akwatuna kawai suke nunawa. A X (tsohon Twitter) ma kowane ɗaya gurbin harafi biyu yake ci. Kai da kake son a ga tallarka, ka ɓoye ta ga mai nema.

@Alƙalami_Ya_Bushe:
Ga kuma wani abu da ya shafe mu kai tsaye. A cikin waɗancan alamomin babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, babu ƴ. Ku gwada ku gani: rubuta "ƙarfe" ko "ɗalibi" a irin shafin, sauran haruffa za su sauya, mai ƙugiyar ya tsaya shi kaɗai a tsakiya kamar baƙo. Daga nan sai mutum ya ga abin ya yi muni, ya cire ƙugiyar don rubutun ya daidaita. An sayar da daidaiton rubutu don ado. Gwaɓin gaske kuwa ba ya da wannan matsalar, duk harafin da ka ba shi zai ɗauka.

@Mai_Karambani:
Na ji, amma sunan shago kaɗai fa? Kalma biyu?

@Ji_Da_Kunne:
Sunan shagon ai shi ne abin da kake so in riƙe. In ka sa shi da ado, ka sake rubuta shi da baƙaƙe na yau da kullum a ƙasa. Ni hakan ya ishe ni.

@Hajiya_Mai_Nazari:
Ku bar ni in dawo da mu kan gwaɓi, domin akwai ɓarnar da ta fi ta ciwon ido. Ku lura da saƙonnin ƙarya da ake yaɗawa. Kusan kullum da kanu mai gwaɓi suke farawa, "SANARWA TA GAGGAWA", sai jan ɗigo, sai jerin lambobi, sai a rufe da "tura wa mutum goma". Tsarin ne ke sa abin ya yi kama da takardar hukuma. Mutum ya ga an jera 1, 2, 3 an yi kanu, sai zuciyarsa ta ce wannan daga ofis ya fito. Alhali yaro ma zai iya tsara shi a waya.

Na biyu, ɗauko maganar wani. Tun Fabrairun 2024 WhatsApp ya ƙara alamar > don nuna cewa layin nan maganar wani ce, tare da jerin ɗigo da na lambobi. Abu ne mai kyau. Amma sai ka ga an ɗauko maganar mutum an yi wa rabin jimla gwaɓi, rabin da ke ɗauke da sharaɗin an bar shi fayau. Ya ce "zan yarda in an kawo hujja", a yi wa "zan yarda" gwaɓi. Ba a ƙara masa kalma ba, amma an canza masa magana. A rubutun ilimi in ka jaddada wani wuri a maganar da ka ɗauko, wajibi ne ka faɗa cewa jaddadawar taka ce. Mu ma ya kamata mu riƙa yin haka.

@Na_Gefe:
Hajiya kin taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. An yi mini wannan, har aka soke mini kalma da ~ aka rubuta wata a gefenta wai "na gyara maka".

@Gwanin_Waya:
Wannan ai wasa ne Na_Gefe, kowa na ganin abin da aka soke.

@Na_Gefe:
Wasa ne in tsakanin abokai ne. In ana tsakiyar musu kuma raini ne.

@Ɗan_Kwamfuta:
Ƙari a kan maganar Hajiya: mafi haɗari shi ne ɓoye liƙau a bayan kalma. A Telegram da Reddit da Discord kana iya rubuta abu ɗaya a fili, adireshin da ke ƙarƙashi kuma wani dabam. Amfaninsa shi ne kada dogon adireshi ya cika saƙo. Amma ɗan damfara zai rubuta sunan bankinka a sama, ƙasa kuma shafinsa ne. Kafin ka latsa, danne ka riƙe ka ga ainihin inda zai kai ka.

Kuma dalilin da ya sa tun farko ba a barin mutane su rubuta HTML, wato yaren da ake gina shafukan intanet da shi, kai tsaye ke nan. A 2005 wani matashi mai suna Samy Kamkar ya cusa 'yar manhaja a shafinsa na MySpace, wani dandalin sada zumunta na lokacin, duk wanda ya buɗe shafin sai ta kwafi kanta zuwa nasa. Cikin ƙasa da kwana ɗaya ta kama sama da mutum miliyan ɗaya, sai da aka rufe MySpace na ɗan lokaci. 'Yan alamomin nan da aka bar mana an tace su ne da gangan.

@Mai_Lura:
To kun ga duk abin da kuke lissafawa hujja ce gare ni. Damfara, labarin ƙarya, murɗe magana, wahalar da makafi. Me ya rage?

@Ɗalibar_Lissafi:
Abin da ya rage shi ne mu da ba mu iya aiki sai da shi. In na tura lambar Python, wato umarnin kwamfuta da aka rubuta da yaren Python, ba a cikin alamar ``` ba, filayen farkon layi suna iya lalacewa, kuma a Python filin nan shi ne ke nuna wane layi ke ƙarƙashin wane. Lambar ba za ta yi aiki ba. A Telegram ma in ka sa lamba a irin wannan rubutun, taɓawa ɗaya mutum zai yi ya kwafe ta ba kuskure.

@Ɗan_Ƙwallo:
Ni kuma a bar mini abin ɓoye sakamako. A Telegram da Discord in ka sa || a gefe biyu rubutun rufewa yake yi sai wanda ya taɓa. Wanda bai kalli wasa ba tukuna ba a ɓata masa. Da ma kowa zai koyi wannan maimakon ya rubuto ci nawa da manyan baƙaƙe ana tashi daga wasa.

@Tsohon_Malami:
Malama, duba yadda Wikipedia ta yi. Ba ta hana gwaɓi ba, ta ce ga inda ake sa shi: sunan abin da maƙalar ke magana a kai, a jimlar farko. In kana son jaddada wata kalma a cikin rubutu, tsutsa za ka yi, ita ma ba a kai a kai ba. Dokar ta faɗi wurin, ba ta bar wa kowa "daidai gwargwado" ba. Wannan ya amsa damuwarki ta ɗazu.

@Admin_Na_Biyu:
Mun karanta duka. Ga abin da muke tunanin gabatarwa, ba a yanke ba tukuna. Gwaɓi ga rana, lokaci, wuri da gargaɗi kawai. Ban da baƙaƙen ado na kwafe, a saƙo ko a suna. Ban da layin ado. Wanda ya kwafo rubutu daga wani wuri ya share ragowar alamomin kafin ya tura. Wanda ya ɗauko maganar wani kada ya ƙara mata gwaɓi sai ya faɗa. Manyan baƙaƙe kuma za mu yi wa dattawa uzuri har a gyara musu waya.

@Mai_Karambani:
A saƙo na yarda. Amma suna ai nawa ne, da shi nake ko'ina, ba nan kaɗai ba.

@Mai_Lura:
"Gargaɗi" ɗin nan ita ce ƙofar da kowa zai bi. Gobe wani zai ce duk saƙonsa gargaɗi ne. Ni har yanzu ina kan bakana, ko dai a ƙayyade, a ce kada ya wuce wuri biyu a saƙo ɗaya.

@Uwar_Biyu:
Biyu ya yi kaɗan in sanarwar na da rana da lokaci da wuri. Uku.

@Baban_Yara:
Yaro ya gyara. Yanzu ina gani sosai. Amma wannan tauraron da kuke ta faɗa, a ina yake a jikin wayar?

@Gwanin_Waya:
Baba a latsa ?123 a ƙasan allon rubutu ta hagu, yana cikin alamomin da za su fito.

@Hajiya_Mai_Nazari:
Admin, ba ku ce komai ba a kan saƙonnin da ake turowa daga wasu wurare da gwaɓinsu da kanunsu. Wanda ya tura ne zai warware tsarin, ko gogewa za ku yi?